Rautar da Ba Ta San Hawa Ba, Ba Ta San Sauka Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai nauyin kunya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rautar gidanmu, wato 'yar na'urar nan mai fitilu huɗu da ke raba mana intanet daga kan kantar falo. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara bakwai tana hidima. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ni ne.

Marigayiya mai haƙuri ce. An sha ɗora mata kofin shayi a ka, an sha zare ta don a jona dutsen guga, ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta a duniya ɗan "ƙyas" idan an soka mata waya.

Ga yadda jinyar ta faro. Makon jiya intanet ya ɗauke a ɗakin ciki, inda kwamfutar maiɗakina take. Kwamfutar ta tebur ce, ba ta kamawa ta iska, sai an jona ta a soket ɗin bango, wanda wayarsa ta bi cikin gini har falo. Ga shi ranar Laraba tana da ganawar ɗaukar aiki ta bidiyo, aikin da ta shekara biyu tana nema.

Maiɗakina ta ce mu ɗauki kwamfutar mu kai falo mu jona ta a jikin rauta kai tsaye. In ta kama, laifin bango ne, in ba ta kama ba, sai a tuhumi rauta. Aikin minti biyar fa. Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce ɗaukar kaya aikin wanda bai yi karatu ba ne, har na nuna mata sabon satifiket ɗina na kwas ɗin haɗa kwamfutoci, wanda ko sati bai yi a bangon tsakanin falo da ɗaki ba.

Na canza waya sau uku. Na hura soket da baki. Na ce maiɗakina ce ta fantsama masa ruwa garin goge ƙasa, soket ɗin da ya kai mini ƙugu. Da na rasa abin kamawa, sai na juyo kan marigayiya, alhali fitilunta huɗu kore shar, wayoyinmu na hannu duk suna aiki. Na kashe, na kunna, na tsikare ta da tsinke, na ɗan mare ta. Daga ƙarshe na yanke hukuncin wuta ce ba ta isarta, na cire cajarta na soka mata wata babba da na tsinto a durowa. Ta ce "fat!" Ƙauri ya cika falo. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Ranar Laraba maiɗakina ta yi ganawarta a tsaye bakin taga, da datar wayarta. Sau uku hoto yana yankewa. Masu ɗaukar aikin suka ce za su neme ta, har yau shiru.

Maƙwabciyarmu mai gyaran kwamfuta ce ta yi binciken gawa. Ta soka wata 'yar na'urar gwaji mai fitilu takwas a soket, uku suka ƙi kamawa. Ta bi bango da tafin hannu, ta bi, ta bi, ta tsaya cak a kan satifiket ɗina. Ta ɗaga shi. Ƙusa ce mai inci huɗu, da hannuna na buga ta, ta ratsa wayar ta tsakiya. Baiwar Allah kife satifiket ɗin kawai ta yi a kan kujera. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Marigayiya ta bar eriya biyu, da cajarta ta asali wadda lafiyarta lau, da kwamfutar tebur marainiya, da soket ɗin bango da aka wanke daga zargi. Tsumman goge ƙasa shi ma an tabbatar ba hannunsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Za a sa ta a kwalin da ta zo da shi, a shimfiɗa mata satifiket ɗin a ƙasa don ya yi amfani ko sau ɗaya, ni kuma in ɗauke ta a ka har wurin mai karɓar tsofaffin kayan lantarki, tunda yanzu na koyi ɗaukar kaya. Ramin ƙusar ba za a toshe shi ba.

Masu ta'aziyya don Allah kada su tsaya a wurina. Su wuce ɗakin ciki, wurin wadda ta ce a kai kwamfutar falo, ita aka yi wa rashi. In sun shiga su taya ni ba ta haƙuri, don har yanzu ban iya haɗa ido da ita ba.