Rasuwar Hajiya 'Yar Kwatano

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, ni Ɗayyabu Gwadabe Ɗorayi, magatakardan kamfanin robobi na Alhaji Uba da ke Sharaɗa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dilolin buta da bokiti na kusa da na nesa, rasuwar abokiyar aikina, kwamfutar ofishinmu, wadda aka fi sani da Hajiya 'Yar Kwatano. Ta cika ranar da aka koma aiki bayan ƙaramar Sallah, tana tsakiyar aiki, a kan teburin da ba ta taɓa sauka daga kansa ba tun zuwanta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limamin masallacin kamfani ko ya halatta in faɗi haka a kan ƙarfe, ya ce duk wanda musiba ta sama yana iya faɗa. To wannan musiba ce, kuma ni ta sama.

Marigayiyar ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ta ƙetaro teku a cikin kwantena, ta sauka Kwatano, ta shigo Kano a bayan mota tsakanin tsofaffin tayoyi da firiji. Leburori ne suka laƙaba mata Hajiya, suka ce ko ba komai ta fi su tafiya. Bazawara ce lokacin da ta zo mana, domin an ce ta taɓa zama a wani banki a Turai, amma ba ta taɓa yi mana gori da wannan ba. A lokacin duk layinmu babu kamfanin da ke aika imel, har daga Calawa masu jimar fata kan zo su leƙa ta ta taga.

Wanda ya san ta ba zai manta da muryarta ba. Kullum da safe, kafin ta aika saƙo, sai ta kama layin tarho ta yi gyaran murya: "Kiiiii… ƙurrrr… ƙyat-ƙyat-ƙyat… shaaaa." Muddin tana kan layin nan babu mai iya kiran kamfani, ko da wuta ce ta tashi a sito. Alhaji ya sha yin ƙorafi, ni kuwa na sha gaya masa cewa manya ba a katse musu magana.

Aikinmu ni da ita shi ne sanar da diloli cewa kayansu sun taso. Ni nake bugawa da yatsu biyu, ita take kaiwa. Kuma Allah shaida ne, ba mu taɓa yi wa mutum maganar buta ba sai mun gaishe shi. Dila a Maraɗi ko Damagaram ko Sakkwato, idan aka karɓo masa takardarsa daga kafe, wato shagon intanet, zai ga an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya ƙafar Hajiya, ya aka ji da zafi, sannan a can ƙasa a layin ƙarshe ya ga motarsa ta bar Sharaɗa. Gaskiya ne wani lokacin mota kan riga saƙon isa. Wannan laifin direbobi ne da gudun tsiya.

Mai haƙuri ce. Nepa ta ɗauke mata wuta tana tsakiyar magana fiye da yadda zan iya tunawa, ba ta taɓa riƙe su a zuci ba, sai dai ta manta da duk abin da muka rubuta mu sake daga ina kwana. Mai riƙon amana ce, ba ta kai saƙon wani gidan wani, in ban da 'yan lokuta da ba su kai a ambata a ranar makoki ba.

Jinya ta fara mata a hankali. Da farko nauyin jiki ne, sai in kunna ta, in je in sha koko a bakin get, in dawo in tarar ba ta gama miƙa ba. Daga baya mantuwa ta shigo: kullum ta farka sai ta ce a shekarar 1980 muke, in zauna in lallaɓa ta in gaya mata gaskiya. Wani lokacin kuma fuskarta ta yi shuɗi shar, ta yi shiru. Na riƙa lulluɓe ta da bargo saboda iskar fanka. Injiniya Alhassan mai duba ta ya ce wai bargon ne ke kashe ta, zafi ne ya yi mata yawa. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an rufa wa mara lafiya bargo ya mutu saboda haka ba, amma shi ne mai sukundireba.

Ana cikin haka Zulaihat, 'yar Alhaji, ta gama jami'a aka ba ta manaja. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa wuce ni ba ta rusuna ba. Sai dai ta zo da magana: diloli sun yi yawa, kamfani na bukatar sabis mai aika saƙo da kansa, da zarar an rubuta a sito cewa mota ta yi lodi, saƙo ya tafi, ba sai wani ya zauna ya buga ba. Da ta ce "wani", duk ɗakin babu wanda ya kalle ni, shi ya sa na san da ni ake. Kujerata a kamfanin nan jingine take da teburin marigayiya, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Aka shiga neman magaji tana raye, tana ji, a gabanta. Manema uku suka fito. Na farko wani mai tumbi ne daga Bompai, ya ce nasa kusan kyauta ne. Aka gwada, duk saƙonnin suka zarce kwandon sharar diloli, suka kwanta tare da wasiƙun 'yan damfara masu rabon gadon ƙarya. Araha ba ta ado. Na biyu wani ɗan gayu ne daga Legas, ya yi ta turanci har Alhaji ya yi gyangyaɗi, a ƙarshe aka gane idan sabis ɗinsa ya lalace sai an jira shi ya hawo jirgi. Na uku ba mu ma ga fuskarsa ba. A ƙasar waje yake, ba ya cin abinci, ba ya zuwa suna ko biki, kuma an ce ba ya barci. Zulaihat ta ce shi ne saƙonsa ke isa, shi ne ke gaya maka wanda ya buɗe da wanda bai buɗe ba, wato har da gulma.

Alhaji ya saurara, ya yi tambaya ɗaya tak: "To, ya iya gaisuwa?"

Zulaihat ta ce ya iya, har sunan kowa yake sawa da kansa. Ni kuwa na miƙe na ce a bar zancen baki, a gwada su. Ga gaisuwar barka da Sallah za a aika wa diloli, a ba baƙon rabi, a ba Hajiya rabi, a ga mai tarbiyya. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Injiniya Alhassan ya ja ni gefe ya ce kada in ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, na ce masa ya tsaya a kan sukundirebansa.

Ranar gwaji na share ta, na goge mata fuska, na ninka mata bargo. Zulaihat ta taɓa wani abu sau ɗaya a nata ofishin, kafin Alhaji ya kai kofin shayi baki ta leƙo ta ce an gama. Mu kuwa muna kan dila na farko, mun kai ya iyali. Na ce bari mu haɗa su duka mu aika a tafi ɗaya, abin da ba mu taɓa yi ba. Ta kama layi. "Kiiiii…" Ta tsaya. "Ƙurr… ƙurr…" Sai na ji ƙauri. Ta ce "ɗif", hayaƙi siriri ya fito ta bayanta, shi ke nan. Na kira sunanta, na bubbuga gefenta inda ta saba farfaɗowa, ba ta motsa ba. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, a gaban leburori na yi shi.

Bayan kwana biyu sai ga wani ɗan haske. Ashe baƙon nan, a ƙasan kowane saƙo, yakan rubuta cewa kada a amsa, wannan adireshi ba ya karɓar amsa. Alhaji Isyaku na Maraɗi, wanda ke kwashe kusan rabin butocinmu, da aka karanta masa gaisuwar sai ya sa aka mayar da amsa mai tsawo, kamar yadda duk ɗan halak zai yi. Amsar ta dawo masa ko buɗewa ba a yi ba. Ya bugo waya, muryarsa har bakin get ana ji.

"Uba, yaushe muka fara haka da kai? Ka yi mini sallama, in amsa, ka dawo mini da ita? Ko goro na aiko maka ka dawo da shi ai ka san abin da ka faɗa mini."

Wallahi ranar na ci tuwo da yawa. Na ce ga shi nan, gobe za a kira ni a ba ni haƙuri, a saya mini sabuwar kwamfuta. Washegari Zulaihat ta bugo wa Alhaji Isyaku ta ba shi haƙuri, ta shiga wajen baƙon ta canza layi ɗaya, amsoshin diloli suka koma shiga ofishinta. Ko rabin awa abin bai ɗauka ba. Murna ta koma ciki.

Marigayiyar ta rasu ta bar firinta guda, mai ɗingishi, wadda ke cin takarda fiye da yadda take fitarwa; da linzami mai igiya; da kibod wanda harafin "a" ya goge a kansa saboda yawan ya iyali; da sitabilaiza wanda yana tsaye a gefenta ranar da abin ya faru bai taɓuka komai ba, Allah ya isa. Ta kuma bar ni.

Ni ma tawa ta zo ranar Litinin. Alhaji mutum ne mai kunya, ba zai iya duban idon wanda suka tsufa tare ya ce masa tafi ba, saboda haka aka ba baƙon aikin. Aka ce in duba imel ɗina. Da yake ba ni da abin dubawa, sai da na hau acaɓa na je kafe na biya. Takardar sallama ce daga aiki. Ya rubuta sunana daidai, har da Malam, ya gode mini bisa doguwar hidima. Na ɗora yatsuna biyu zan mayar da amsa, ko ba komai in ce na gode, Allah ya bar zumunci, sai na ga layin nan a ƙasa. Ashe diloli kawai aka gyara wa. Wanda bai iya karɓar sallama ba, ga shi ya iya sallamar mutum.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi daga ofishin kamfani, a cikin a-daidaita-sahu, zuwa wajen 'yan gwangwan da ke Dakata, inda za a ɗora ta a sikeli. Liman ya ce babu wanka babu salla, kuma kada in sake tambayarsa. Bargon zai bi ta. Kibod kuwa Alhaji ya bar mini gado.

Masu son yin ta'aziyya, ina roƙonku don Allah kada ku aika ta imel ɗin kamfani. Wani dila daga Sakkwato ya gwada, aka amsa masa nan take cewa an karɓi odarsa, buta dozin nawa yake so. Ku zo da ƙafarku Ɗorayi, bayan masallacin Juma'a, gida mai dalbejiya a ƙofa. Ba a sa rana ba, ba a sa lokaci ba, domin yanzu safe da yamma ina gida. Wanda ya zo ya yi sallama, zan amsa.