Ranar da Mai Girma ya tsamo allona

Jiya na dawo gida da yatsu rawaya da kwanon roba a hammata. Uwargida Balkisu ta dube ni ta ce, "Mushe, lalle anka ƙunsa maka wurin manyan?" Na ce mata a'a, ƙaddamar da ni aka yi. Ku gyara zama in ba ku labarin a tsare, don ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, ban iya fara darasi daga tsakiya ba.

Wasu idan sun tashi aiki sai zaman fada da shayi, wasu sai kallon ƙwallo. Ni abin da Allah ya jarabce ni da shi daban ne. Duk wanda ya taɓa buɗe cikin rediyo ya ga ɗan allon nan mai siraran hanyoyi na jan ƙarfe, wanda ake dasa ƙananan kaya a kansa. To irinsa nake yi da hannuna. Ina zana hanyoyin, in kai wa masu fotokopi su buga mini a takarda mai santsi, in kifa ta a kan allo mai fuskar jan ƙarfe, in danne da dutsen guga har tawadar ta manne. Na gawayi nake amfani da shi, don na lantarki ya taɓa mutuwa a hannuna ina tsakiyar aiki. Daga nan sai in jefa allon cikin wani ruwa mai kalar tsatsa, ni dai ruwan ci nake ce masa. Yana cinye duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, ya bar hanyoyin. Sharaɗinsa ɗaya ne: gwargwadon dafa shayin farko, ka tsamo allonka. Idan ka bar shi ya daɗe, zai saɗaɗa ta ƙarƙashin tawada ya cinye har abin da ba nasa ba.

Maƙwabciyarmu Hajiya Kadidiya da ƙanƙara da zoɓo take riƙe gidanta. Bara wutar unguwarmu, wadda kan tafi ba sallama ta dawo da fushi, ta ƙone mata firigo, wato firij. Da ƙyar ta samu wani. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Mushe, kai da kake wasan wayoyi, ba ka yi min wani abu da zai tsare wanga? In ya ƙone, na zauna." Na yi mata alkawarin ɗan akwati mai yanke wuta da kansa idan ta yi yawa. Allo ɗaya ya rage mini. A Tawa ba a sayar da shi. Sai an roƙi direba ya nemo a Yamai, shi ma sai in ya tuna.

Ina cikin shiri sai ga Zakari, tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ke tsara zaman manya a wani biro, ofishin da ba zan faɗi sunansa ba. Wai za a yi ranar nuna fasahar gida, kuma Mai Girma Uban Ci Gaba, Garkuwar Masu Basira, zai zo da kansa.

"Mushe, kada ka kawo abin da ka gama," in ji shi. "Mai Girma yana son ya taɓa aiki gaban kyamara. Ka jefa allon, shi ya tsamo."

Na yi masa bayanin ruwan ci dalla-dalla, kamar yadda na taɓa yi masa bayanin lissafin rabawa, kuma na ga ya fahimta daidai da wancan lokacin. Ya ce kada in damu, teburina ne na farko. Mai Girma na zama, a buɗe da addu'a, sai wurina.

A nan dole in yaba. Mai Girma ya iso kusan a kan lokaci. Motocin rakiyarsa sun cika titi, kowace da mutum ɗaya a ciki, don kada wani babba ya takura. Yana zama Zakari ya ɗaga mini hannu, na jefa allon Hajiya cikin ruwa da bisimilla.

Aka yi addu'a, gajera. Sai mai jawabin maraba ya tashi. Kun san al'adar: ba a shiga magana sai an gaida kowane babba da cikakken laƙabinsa, da wakilinsa, da wakilin wanda bai samu zuwa ba. Ya gama, na biyu ya tashi ya sake gaida su, ko da wani ya canza muƙami a tsakani. Ina ta girgiza kwano a hankali. Hanyoyin suka fito tsaf, sirara, gwanin kyau. Ban taɓa yin allon da ya kai shi ba. Na ɗaga yatsa kamar ɗan aji. Zakari ya yi mini alamar in dakata.

Mai jawabi na uku yana cikin yabon yadda aka wadata mu da lantarki, wuta ta ɗauke.

Akwai gurup, injin ba da wuta, sabo fil, da ƙyallen ƙaddamarwa a jikinsa. Esansi ne babu. Aka tura direba layin mai. Na ce wannan dama ce, na miƙa hannu zan tsamo allona, sai wani ƙato mai baƙin tabarau ya riƙe mini wuyan hannu.

"Malam, an ce ba a taɓawa sai Mai Girma."

"Ɗana, ruwan nan ci yake yi."

"To ya jira."

Na duba fuskarsa in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Na lallaɓa wurin Zakari na raɗa masa cewa a bar Mai Girma ya tsamo yanzu, ai tsamowa ba ta buƙatar lasifika. Ya zaro ido. "Mushe! Kahin jawabinai? Kana so a kore ni?" Maroƙa suka cike gurbin da kirari. Ni kuma na koma na tsaya ina kallon hanyoyina suna ramewa, suna tsinkewa, tawada na tashi tana iyo a saman ruwa.

Da esansi ya iso, Mai Girma ya yi jawabinsa, mai daɗi ƙwarai. Ya ce daga yau ba wani mai basira da za a sake ɓata wa lokaci. Sannan ya taho teburina, ya karɓi ɗan matsefin da na miƙa masa, ya tsamo allon, ya ɗaga sama. Fayau yake, ko ɗigon jan ƙarfe babu.

"Kun gani?" in ji shi. "Sumul! Ko tabo babu. Wa ya ce ƴaƴanmu ba su iya aiki mai tsabta ba?"

Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don ban saba kunyata baƙo ba. Ya yi alkawarin gina mana ɗakin gwaji da mota cike da alluna. Ana haka ɗigo biyu suka sauka a kan farar shaddarsa. Zakari ya biyo ni da gudu. "Mushe, mi ka fidda wanga tabo?" Na ce masa, cikin tausayi, ba ya fita.

Da la'asar Hajiya Kadidiya ta leƙo. Na miƙa mata allon, na gaya mata gaskiya. Ta juya shi gaba da baya.

"Wanga shi ne babban mutum ya taɓa?"

"Shi ne, Hajiya."

"To Allah shi ƙara girma. Yanzu ni zan zama akwatin ke nan."

Haka kuwa aka yi. Tana zaune tana gadin ƙwan fitila. Da ta ga ya yi haske fiye da kima sai ta zabura ta zare wayar firigo. Na aika wa direban Yamai saƙon wani allo, ya ce in sha Allah.

Ban ga laifin ruwan ci ba. Aiki aka ba shi, ya yi, aka bar shi zaune bayan aikin ya ƙare, ya ci gaba da ci. Idan kun san wani mai irin wannan hali, ni ban ambaci kowa ba.

Allon dai bai tashi a banza ba. Firigon Hajiya yana da gajeriyar ƙafa, ta tokare ta da shi, ya daina rawa. A iya sanina, cikin duk abubuwan da Mai Girma ya ƙaddamar a garin nan, shi kaɗai ne ya fara aiki a ranar.