Na-Roma da Tulin Cuku

Wani mutum ne a nan Kano, sunansa Ɗanliti, amma Na-Roma ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. In ka ce rana ta yi zafi, sai ya ce ba ka ga ta Roma ba. In ka yi tari, sai ya gaya maka yadda Italiyawa ke nasu. Alhali Allah na gani, iyakar tafiyarsa a duniya Kwatano ce, sarin takalman gwanjo. Italiya kam a ƙasan takalmi ya ga an rubuta ta.

Ana nan sai ya ji Alhaji Sabitu, babban dillalin fata, yana neman wanda ya san Italiya, zai tura shi can ya yi masa ciniki da Turawan da ke sayen fatunsa. Ga jirgi, ga otal, ga alheri. Na-Roma ya rantse ko ana ha-maza ha-mata tafiyar nan tasa ce.

Da yake Alhaji ba ya fashin golf ranar Asabar, sai gogan ya ari sanduna, ya kafa hula hana-sallah, ya liƙe masa a fili. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda, fauu! Ƙasa ta tashi, ciyawa ta tashi, ƙwallo na nan zaune abinta.

"Ciyawarku ce ba kyau," in ji shi. "A Milan wannan bugun rami zai faɗa."

Garzali, abokin wasan Alhaji, mai bakin tsiya ne. Ya ce, "Ai ramin ma ga shi ka haƙa mana."

Da aka tashi, Alhaji ya shafa ciki ya ce, "Na-Roma, an buɗe wani gidan abincin Italiya a Nasarawa. Mu je ka koya mana cin abincin mutanenka."

Na-Roma ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa, amma baki shi ke yanka wuya. "Ranka ya daɗe, faɗuwa ta zo daidai da zama. Dama kewar gida ta dame ni."

Suka isa, suka zauna. Na-Roma ya dangwala yatsa a kan wani hoto ya ce a kawo uku. Aka kawo taliya jajur tana tururi. Ya sauke ajiyar zuciya, taliya dai ai ko a Fagge ana ci. Bai gama murna ba sai ga wani dogon ma'aikaci da farar riga, ya zo da dunƙulen cuku kamar bulo, da magogi irin na kuɓewa.

Alhaji ya ce, "Fara da malaminmu, mu gani mu koya."

To a al'adar irin wannan gida, ma'aikaci zai yi ta goga maka cuku a kan taliya har sai ka ce ya isa. Na-Roma ina ya sani? Mutumin ya fara, ƙarr, ƙarr, ƙarr. Ya ɗago ya dubi Na-Roma. Na-Roma ya gyaɗa kai irin na manya. Mutumin ya ɗauka ƙari ake so, ya ci gaba.

Jan miya ya ɓace. Taliya ta ɓace. Cokali mai yatsu ya nutse.

Garzali ya ce, "Malam, anya bai yi yawa ba?"

Na-Roma ya tsuke baki. "Kai dai baƙauye ne. A Italiya ba a katse mai guga, shi ya san ma'auni. Katse shi rashin tarbiyya ne, ni da idona na ga an kori wani minista a kan haka."

Yana faɗa, a zuci yana salati. Wani irin wari ke dukan hancinsa kamar safar da ta kwana a takalmi, ga shi ko kindirmo in ya yi tsami ba ya iya sha. Sai harara yake aika wa ma'aikacin, wai ko ya gane ya bari. Shi kuwa bawan Allah ya ga babban mutum ya zare masa ido, sai ya ƙara wuta, ƙarr-ƙarr-ƙarr-ƙarr!

Bulo ya ƙare. Ya ruga ya ɗauko wani. Cuku ya yi tsiri, ya fara gangarowa kan tebur. Mutanen sauran tebura suka ajiye cokula suka juyo. Ma'aikacin ya sauya hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, can dai ya sunkuyo ya ce masa:

"Yallaɓai, don girman Allah ka ce ya isa. Kafaɗata za ta cire."

"Au! Dama ni kake jira?"

Maganar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta. Sai Garzali ya kece da dariya har yana dukan tebur, yana kiran wayyo cikinsa.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ƙara tura wa Na-Roma farantin nan mai tulin cuku ya ce, "Bismillah. Ba a almubazzaranci a gabana."

Na-Roma ya tono cokali, ya kai loma ɗaya. Idanunsa suka kawo ruwa, maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Ya haɗiye da ƙyar, ƙut, ya yi wani yaƙe mai ban tausayi. "Kai, na tuna Roma. Ranka ya daɗe, batun tafiyar nan fa..."

Alhaji ya ɗaga wa ma'aikacin hannu, aka goga masa kaɗan, ya ce ya isa. Sannan ya dubi gogan.

"Ɗanliti, kai da ba ka iya ce wa mai cuku ya isa ba, in Turawa suka fara goge mini farashin fata, sai na koma tsirara za ka yi magana? Cinye, ga shi can ya tafi ɗauko bulo na uku."