Ranar da anka kira ni Bolki

Ko za ni manta komi, ba ni mantawa da shekarar farin da gero ya ƙone tsaye a Kurawa, anka ce ana rabon hatsin tallafi a Sabon Birni. Rumbuna ya ƙare, yara sun koma cin tafasa ba ƙuli. Ni kuwa na rame har wandona sai na yi mishi ƙulli biyu.

Uwar yara ta ce, "Malam, tafi yadda kake." Na ƙiya. Ni dai abin da na sani, a ƙofar gwamnati mai tumbi aka fara sallama. Sai na bi maƙwabta ina aron riguna, na sa riga kan riga, na naɗe cikina da zanenta (ita ba ta sani ba). Na fito awa ɗan kwangila.

Da munka isa, ashe hatsin bai isa kowa, mai rabon da ido yake zaɓe. Wani Bayarbe ne, abokin wasanmu mu Gobirawa. Ya biyo layi yana duban wuyan mutane. Da ya iso gare ni ya ga tsagen fuskata, ya ce, "A'a, bawana, kai ma?" Ya daki tumbina, ya juya ga mataimakinshi ya yi Turanci. Kalma guda na riƙe: bolki. Sai anka jaye ni gefe. Ni ko har da gyara hula, na ɗauka layin manya ne.

Malam Umaru ticha na kusa, na ce, "Ticha, mi ya ce?"

Maimakon ya raɗa min, sai ya buɗe murya awa yana aji. "Bolki na nufin abu mai kauri, mai cika wuri. Asalinta daga masu jiragen ruwa na ƙasashen sanyi take, sunan kayan da aka jibgewa cikin jirgi ne." (Ku ji fa, muna neman ruwan alwala, shi yana zancen jirgin ruwa.) "A taƙaice, Kawu, ya ce ka ƙoshi, ba ka samu."

Na tuna yara. Nan take na fara tuɓewa. Na cire ta sama, wani daga layi ya ce, "Kai, rigar sallata ce wannan!" Na cire ta biye, liman ya yi salati, don tashi ce. Ina cikin haka zanen uwar yara ya kwance ya faɗi, mai furanni ja, gaban mutanen Kurawa da na Unguwar Lalle. Na tsaya daga ni sai haƙarƙari, zufa na zuba.

Bayarben ya yi dariya har ya zauna bisa buhu. Ya ce, "Ticha ya yi gaskiya, kaya ne, ba mutum ba. Ku auna ma bawana." Sunka auna min, na ƙulle hatsin cikin zanen nan, tunda ya riga ya tona ni. Ina fita na hangi masu tumbin gaske ta bayan sito, ana loda musu buhu-buhu a mota, ba wanda ya ce su tuɓe.

Yara sun ci tuwo, ni na ci suna: har gobe Bolki aka kirana, duk da iska na iya ɗaukata. Yanzu in za ni ƙofar gwamnati, da haƙarƙarina nike zuwa. Tumbin da ke aiki can, ba a aronshi.