Harajin Gyara

Duk ƙasar Kazaure ba a taɓa yin mai kishin asusun hukuma irin Malam Jalaluddeen ba. Shi ne jami'in haraji na ƙaramar hukumarmu, mai biro uku a aljihu da hatimi a hannu. Tun ranar da rediyo ta ce an ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, ya daina amsa gaisuwar da babu "ranka ya daɗe" a ciki. Mu kuwa muka raɗa masa Gwamnan Banki, ya ji daɗin sunan ƙwarai.

Mako guda ya yi yana neman sabuwar hanyar shigar kuɗi. Allah ya buɗe masa a gindin tsamiyar kasuwa, wajen Fatu mai fura da nono. Ta auna masa, ta ƙara rabin ludayi gyara kamar yadda take yi wa kowa. Ya shanye tas, ya lashe baki, sannan ya gano ɓarnar.

Ranar kasuwa ya hau benci da lasifika.

"Jama'a! Gyara ba saye ba ne, ba sayarwa ba ne. Abin da ba shi da mai shi kuwa na hukuma ne. Daga yau duk mai yin gyara, a bokitin ƙaramar hukuma za ta zuba!"

Bokitin guda ɗaya ne. Nono ya shiga, daddawa ta bi, sai manja da barkono. Kafin la'asar kuɗin shigarmu ya fara wari. Gwamnan Banki ya ce haka tattalin arziki yake idan yana bunƙasa.

Fatu ce ta ji jiki. Shekara ashirin da wannan rabin ludayin take riƙe masu sayen furarta, yanzu sai su karɓi koko su yi mata kallon marowaciya. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tsallaka rafi, inda ƙasar wata ƙaramar hukuma ta fara. Masu daddawa suka bi ta, mahauta suka bi, har wanzami. Mako na uku kasuwarmu ta rage daga Malam Jalaluddeen sai bokiti sai awaki.

Ciyaman ya kira shi: ko ya dawo da kasuwa, ko ya ajiye hatimi.

Gwamnan Banki ya tattare babbar riga ya tsallaka rafin, ya tsaya gaban Fatu.

"Na zo tattaunawa tsakanin hukumomi ne. Amma fara dama min fura."

Ta auna masa daidai kuɗinsa. Ya tsaya da koko a miƙe yana jiran gyara, jama'a na kallo. Fatu ta cika ludayi, ta ɗaga, ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, ka zo da bokitin?"