Rasuwar Mai Numfashi, Rumbun da Na Kwaikwayo daga Suri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya wadda ta fi baƙin cikin nauyi, ni Rufa'i malamin gona na Badarawa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Shinkafi, Zurmi da Ƙaura rasuwar rumbuna, wanda aka fi sani da Mai Numfashi. Ya cika ranar Litinin da la'asar, kashegarin ruwan farko na wannan shekara ta 1977, yana da shekara uku a duniya. Ya tafi da irin geron garin nan gaba ɗaya a cikinsa.

An haifi marigayin bayan babban farin da ya cinye mana damina biyu. A lokacin na lura da cewa hatsi yana gumi ya lalace a rumbunanmu, alhali gara tana zaune cikin suri a tsakar rana ba fanka ba mafici. Na aika Ƙaura aka karɓo mini ma'aunin zafi da ya zo a jirgin ƙasa. Kwana arba'in ina zura shi a ramukan suri safe da azahar, ina rubutawa, har mutane suka fara gaishe ni da tausayi. Da na fasa surin na ga hanyoyin iska, waɗansu suna jawo sanyi daga ƙasa, waɗansu suna fitar da zafi ta sama. Na zana su ɗaya bayan ɗaya, na gina su a jikin bangon rumbu.

A nan ya kamata in faɗi abin da ban taɓa rubutawa a rahotona ba. Surin da na fara gwadawa mai rai ne, sojojinsa suka yi mini kaca-kaca da yatsu, sai na koma kan wani mataccen suri a bayan gari, wanda ba mai cizo a cikinsa. Gidan na karanta, ban karanta masu gidan ba. Ban ga masu toshe ƙofa idan laima ta taso ba, ban ga masu gadi ba. Kuma don rumbuna ya sha sanyin ƙasa kamar malaminsa suri, na ƙi ɗora shi a kan duwatsu yadda kakanninmu suke yi, na zaunar da shi daɓas a ƙasa.

Nagoggo, tsohuwar da ta ɓoye irin geron nan mai saurin nuna duk tsawon yunwa, tana cin tafasa da rama don kada ta taɓa shi, ta zagaya ginin da sandarta ta ce, "Ɗana, wanga rumbu naka ba shi da ƙafa. Abin da yaz zamna ƙasa, na ƙasa na." Na nuna mata littafina. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga jama'a sun yarda, ita ma ta kawo nata. Daga nan kowane gida ya riƙa kawo zaɓaɓɓiyar zangarniyarsa ajiya wurina.

Ba zan ci amanar mamaci ba, ya yi halin kirki. Ko a tsakiyar bazara ka sa hannu cikinsa sai ka ji kamar randa. Bai taɓa cin kalanzir ba, bai nemi injiniya ba. Da azahar idan iska ta ratsa shi yakan ce "fuuu, fuuu" a hankali, tsofaffi su jingina da shi su yi gyangyaɗi. Na so shi ƙwarai, har ina kai baƙi su gaishe shi kafin su sha ruwa.

Ciwon ajali ya fara wata biyu da suka wuce. Numfashin ya ragu, a madadinsa na fara jin "ƙis, ƙis, ƙis" can cikin bango, ba ya tsayawa. Na san muryar, na ji danginta a surin farkon nan da ya cije ni. Na gaya wa kaina zafi ne yake tsaga laka, na ƙi buɗe marfin don ina tsoron abin da zan gani. Ranar Litinin, ƙasa na jiƙe, mutane suka taru da ƙorai don karɓar irin shuka. Muna tsaye sai shinge, garar nan mai fiffike, ya fara tuɗaɗowa ta ƙofofin iskar da na gina da hannuna, har ya rufe jinkar. Da muka ɗaga marfin, ba zangarniya ko ɗaya. Suri ne cikakke a ciki, an gina shi da kyau fiye da nawa.

Marigayin ya bar littafin awo guda ɗaya, da ma'aunin zafi, da gonaki sharaɓ da ruwa ba abin zubawa a rami. Ya kuma bar 'ya'ya goma sha huɗu, wato rumbunan da aka gina da zanena, shida a nan ƙasar Shinkafi, uku a Jangeru, biyar a Zurmi. Dukkansu a ƙasa suke zaune kamar ubansu, kuma dukkansu iri aka ba su ajiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidana. Ba a bukatar haƙa kabari, an riga an binne shi ta ciki, rushewa kawai za mu yi. Nagoggo kuwa ta aiko a tanadi duwatsu tara na gindin sabon rumbu, ko da ba abin da za a zuba masa.

Na aika wa masu rumbunan nan goma sha huɗu, tun daga Gado na Jangeru har Labbo na Zurmi, cewa kowa ya kara kunnensa a bangon nasa kafin ya taso. Wanda ya ji "fuuu" ya zo mana da tiya ɗaya ta iri, ita ce ta'aziyyar da muke roƙo. Wanda ya ji ɗaya muryar ya zo da diga. Zuwa yanzu mutum tara sun aiko da amsa, kuma duka taran da diga za su zo. Saura biyar muke jira, ga hadari yana ta haɗowa daga gabas.