Ƙwan Agwagwa a Titin Mai Girma

Jama'a, ku taya ni jaje. Jiya gayan shinkafa na ci, ko kan busasshen kifi maiɗakina Pasing ba ta ɗora min ba. Kuma wallahi ba laifina ba ne, laifin ci gaba ne.

Da safe ta aza min kiret ɗin ƙwan agwagwa a cinya, wai in kai wa 'yarmu a gari, a yi kayan zaƙin bikin baftismar jikarmu ta fari. Ta jima tana tara ƙwan nan, ko ni ba ta yarda in leƙa ɗakin agwagin.

"Goryo," in ji ta, "idan ɗaya ya fashe, ka nemi wurin kwana wajen agwagin da suka saka shi."

Na shiga babur mai ƙafa uku na Temyong, wanda ya fi kowa sanin hanyarmu ta tsakuwa da jar ƙasa. Na zauna a akwatin fasinja na gefe, maƙwabciyarmu Aling Doray, wato Inna Doray a yarenmu, ta matse ni. Temyong ba ya tashi sai da ita, don in ba jikinta, akwatin ɗagawa sama yake a kwana.

"Ku kwanto dama!" haka yake ihu a kowace kwana, mu kuwa mu kwanta kamar masu neman allura a ƙasa.

"Kai Temyong, haƙorin roba nake sawa fa!" in ji Doray.

"Ki cire ki riƙe a hannu, Aling, gargada na gaba!"

A hawan tudun kwakwa kowa ya sauka ya tura, ban da ni, albarkacin ƙwai. Muka ƙetare ramuka, muka ratsa kwatar da ɓaunar noma ke wanka, ko ƙwai ɗaya bai tsage ba. Har na fara jin kaina wani babba.

Sai muka iso titin ɗan siyasarmu, Mai Girma Uban Hanyoyi, Allah ya ƙara masa kwalliya a hoto. Kun dai san titin: kankare ne mai tsawon filin ƙwallon kwando biyu, ya fara daga babu ya ƙare a babu, ya kuma ɗara ƙasa da taƙi guda. Ni ban taɓa kushe aikin nan ba. Duk lardin nan babu wurin shanya shinkafa da ya kama ƙafarsa. Tun da aka zuba shi matanmu ke baza shinkafa a kai, masu babur su bi ta gefe cikin tsakuwa, kowa na zaune lafiya.

Jiya kuwa an share shinkafar tas, an ɗaura ƙyallen da za a yanka, ga 'yan badujala. Zaɓe ya ƙarato, za a sake buɗe titin karo na uku. Wani mai riƙe wa Mai Girma lema ya tare mu.

"Kai direba, hau nan. Ana son hoton talakawa suna morar aiki."

"Yallaɓai, ai ba a hawa nan," in ji Temyong. "Shanya ake yi."

"Au, kana nufin aikin Mai Girma ba ya hawuwa? Wa ke sabunta maka izinin haya?"

Temyong ya dube ni, ya dubi cinyata, ya ce a hankali, "Yafe min, Baba Goryo."

Ya ja baya, ya ba babur wuta. Tayar gaba ta haye. Tayar akwatinmu kuwa ta gabzi bakin kankaren, gwaf! Doray ta tashi sama, kiret ya tashi sama, na ɗaga hannu biyu na wage baki ina salallami. Daidai nan mai hoto ya danna. Abin da ya sauko cinyata, sai dai a kwashe da cokali. Aka yi ta tafi, badujala ta kaure. Na ji kamar in yi kuka, don jikar nan guda ce gare ni.

Yau da safe sai ga ƙaton tamfol a mararraba: Mai Girma yana murmushi, ni a gefensa hannu sama, baki buɗe, an rubuta "Murnar Talakawa". Masu basirar sun yanke hoton daidai ƙirjina, ba a ganin wandon. Can ƙasa kuwa Doray ta riga ta mayar da shinkafarta kan titin.

Pasing ta tsaya ta ƙare wa hoton kallo.

"Tun da muka yi aure," ta ce, "ban taɓa ganin ka yi min fara'a irin wannan ba."

Ta dai yaba ingancin tamfol ɗin. Ta ce bayan zaɓe za ta ciro shi ta rufe ɗakin agwagi, tunda na yi ƙorafin yana yoyo ta wajen shimfiɗata.